Sifanar da babu a kabad ɗin Baba

Da na buɗe kabad ɗin kayan aikin Baba, ban lura da komai ba. Kawu Dogo ne, abokin aikinsa da ke tsaye a bayana, ya ja numfashi ya ce, "Innalillahi." Na bi yatsansa da kallo. A jikin allon da ke cikin kabad ɗin, kowane ƙarfe na rataye a kan siffarsa da aka zana da jan fenti, filaya a kan filaya, guduma a kan guduma. Can ƙasa, a layin sifanoni, ga zanen wata 'yar ƙarama, amma ita babu ita. Ban daɗe da gama jami'a ba, kuma ba aikin jirgi na karanta ba, amma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san ma'anar wannan gurbin.

Baba injiniyan jirgin sama ne. Tun kafin a haife ni yake aiki a wannan rumfar gyaran jiragen, mai rufi kamar na filin wasa da warin mai da ba ya barin riga. Dokar aikinsu ita ce, jirgi ba ya fita sai kowane ƙarfe ya koma mazauninsa, don noti ɗaya da aka manta a cikin inji ya isa ya hallaka mutane a sama. Baba ya riƙe dokar nan har abokan aikinsa suka sa masa suna Malam Ƙirga.

Bai bar ta a wurin aiki ba. A kicin ɗinmu ma ya kafa allo, ya zana wuƙaƙe da ludayi. Mama ta tsaya tana kallonsa riƙe da ƙugu.

"Injiniya, saura ni. Ka zana ni a bango, kar in ɓata."

"Ke ai ba kya ɓata," in ji shi. "Daga bakin titi ake jin muryarki."

In za mu fita, ba ya tayar da mota sai ya juyo ya ƙirga mu, alhali mu huɗu ne kacal. Auta kan ɓuya a bayan kujera da gangan, shi kuma ya fita yana neman ta a ƙarƙashin mota, yana kiran ta da sunan kyanwa. Sau biyu ana ba shi babban matsayi a wata ƙasa yana ƙi. Ya ce jirgi kowa na iya gyara shi, amma waye zai kai 'ya'yansa makaranta? Shekarar da Mama ta kwanta asibiti, shi ya riƙa yi mana kitso. Layukan sun miƙe sosai, kamar an sa ma'auni, amma kitson ba ya kwana biyu yake warwarewa.

Ranar da ya faɗi, ya gama aikin injin wani jirgin fasinja da hantsi. Ya sa hannu cewa kayansa sun cika, ya kulle kabad, ya jefa makulli a aljihu. Bai kai bakin ƙofa ba ya zube. Kafin yamma ya cika. Likita ya ce jini ne ya fashe a kansa, kuma mai yiwuwa abin ya soma tun da safe. Sai a lokacin Mama ta tuna cewa kofin shayi ya suɓuce masa, ya yi dariya ya ce tsufa ne.

Makullin ya biyo tufafinsa zuwa gida. Muna cikin karɓar gaisuwa ba wanda ya tuna da shi, sai da na kawo shi don in kwashe tabaransa da darduma. A tsakanin nan jirgin ya yi ta zirga-zirga da mutane.

Muna tsaye a gaban kabad ɗin, wani matashin ma'aikaci ya matso, ya rage murya. "Oga Dogo, ina da irinta a jakata. A rataya kawai. Mutumin nan bai taɓa kuskure ba, kar a ɓata masa suna yana kabari."

Kawu Dogo bai ko dube shi ba. Ya ciro waya ya kira Mama, ya buɗe muryar don in ji.

"Hajiya, sifana ɗaya babu a kayan ɗan'uwana. Zan kai rahoto yanzu. In na kai, sunansa za a rubuta. Na ce kar ki ji a bakin wani."

"Jirgin yana ina?"

"Yana ƙasa a wani filin. Da la'asar zai tashi."

"To ni kake kira, Dogo? Ni ce hasumiyar filin jirgi? Da yana raye da tuni ya tsinke maka kunne. Kashe wayar nan ka kira su."

Aka hana jirgin tashi. Ma'aikata suka jeru kafaɗa da kafaɗa suka taka rumfar daga bango zuwa bango, idonsu a ƙasa, har kwandunan shara suka zazzage. Ba su same ta ba.

A gida mu ma muka shiga nema, duk da mun san Baba bai taɓa shigo da ko kusa ɗaya ta wurin aiki ba. Muka ɗaga kujeru, muka kwance shimfiɗar motarsa. Auta ta zazzage akwatin gyaran kekenta tana kuka. Mama ta zauna a bakin gado da rigar aikinsa, tana laluba aljihun da ta riga ta laluba.

"Allah ya sa ya karya doka sau ɗaya a rayuwarsa," ta ce. "Allah ya sa a gidan nan take."

Ba ta gidan.

Tun ranar, da na ji ƙarar jirgi a sama sai in ɗaga kai in bi shi da kallo. Masu zuwa gaisuwa har yanzu suna cewa Baba mutum ne da bai taɓa mantuwa ba, mu kuma muna cewa amin, muna kallon ƙasa. Ba mu san ko haka za a ci gaba da faɗa ba.

Can inda jirgin yake, sun zura kyamara cikin injin ba su ga komai ba. Sun ce akwai lungunan da kyamara ba ta kaiwa, sai an sauke injin an buɗe shi. Jiya suka fara. Kawu Dogo ya ce zai kira da zarar sun gama, ko da me suka gani. Bai kira ba tukuna.