Gawa a Kan Cinyar Wagiyem

Shekara arba'in da ɗaya ina tare da Wagiyem, amma ko ni mijinta ba ta yarda in ga ƙafafunta da rana. Tun haihuwar 'yarmu Lastri suka fara kumbura. Daga ƙugu zuwa ƙwauri kamar kututturen ayaba, tafin ƙafar kuwa ɗan ƙarami. Ko kyanwa ta hau cinyarta, sai jini ya kwanta a wurin. Ta yi azumin Litinin da Alhamis, ta bar shinkafa ta koma ganyen rogo. Fuska ta zabge, ƙafafu suna nan. Matan kasuwa suka ce tundurmi ne, cutar nan mai kumbura ƙafa, suka daina sayen wainar rogonta. Daga nan ta daina fita. In ta ji sallama sai ta shige ɗaki.

Bara mahaifiyarta ta rasu. A nan ƙauyukan tsibirin Jawa, 'yan'uwa uku ke zama a benci, a kwantar da gawa a kan cinyoyinsu a yi mata wanka.

Wagiyem ta same ni a bakin rijiya.

"Baban Lastri, zani in ya jiƙe mannewa yake. Duk za su gani."

"To ki ce ba ki da lafiya."

"Uwata ce fa."

Ta shiga bayan labule, ta zauna tsakanin ƙanwarta da Lastri. Ni ina waje ina miƙa bokitin ruwa. Na san nauyin nan kamar wuta yake a jikinta, amma ko nishi ban ji ba.

Sai na ji muryar Iya Ponirah mai wankan gawa.

"Kai, Wagiyem! Yau dai tsohuwa ta samu katifa."

Wata ta fara dariya, ta haɗiye. Ruwa ya zuba, ya sake zuba. Can sai na ji muryar matata, ƙasa-ƙasa.

"Lastri, ke ma?"

Jiƙaƙƙen zani ya tona asirin 'yarmu, ita ma ƙafafunta sun kumbura. Shekara uku tana ɓoyewa a gidan mijinta, tana jin zafin, tana tsoron faɗa.

Bayan addu'ar bakwai, Wagiyem ta ɗaura zaninta na biki.

"Tashi, asibitin birni za mu," ta ce wa Lastri. "Ba za ki ruɓe a ɗaki kamar ni ba."

Rabonta da mota shekara tara. Da hannunta ta ɗaga zani a gaban likita, idonta a rufe. Likitar ta ce ba tundurmi ba ne, ba kuma yawan ci ba ne. Wani kitse ne mai ciwo da ke bin mata a dangi. Ba ya warkewa, amma ana rage zafinsa. Ta ba su doguwar safa mai matse ƙafa.

Yanzu Wagiyem tana zama a baranda, tana amsa gaisuwa. Amma in jikarmu ta wuce da gudu, nakan ga tana bin ƙafafun yarinyar da kallo, bakinta na motsi da addu'a.