Farin Zanen Inna a Bakin Watari

Shekaru sun wanke abubuwa da yawa daga kaina, har fuskokin waɗansu 'yan ajinmu na firamare sun ɓace mini, amma safiyar da muka kai mahaifiyata bakin madatsar ruwan Watari tana nan daram. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

Mu Hausawa ne Kiristoci. Kakanninmu Maguzawa ne, gidajenmu 'yan kaɗan a ƙarshen ƙauye, gonakinmu kuma iyaka ɗaya da na maƙwabtanmu Musulmi. Inna da Baba rana ɗaya aka yi musu baftisma, suna sababbin aure, a wani rafi tun ba a gina madatsar ruwan ba. Muna da wata al'ada da ban gan ta a wani wuri ba: farin ƙyallen da mutum ya shiga ruwan baftisma da shi, wanke shi ake yi a ninke a adana, ranar da ya rasu a naɗe shi da shi. Su biyun ba su da halin sayen yadi biyu, sai Baba ya sayo alawayyo guda aka raba, rabi ya yafa, rabi Inna ta ɗaura. Da ya rasu, da nasa rabin aka binne shi. Na Inna yana ƙasan adakarta, ko mu 'ya'yanta ba ma taɓawa.

Yayana shi ne ɗan fari. Tun yana yaro gardama ce abincinsa, in ka ce masa tuwo da zafi sai ya tsoma yatsa ya tabbatar. Ya yi karatu a Dawakin Tofa, ya samu aiki a Kano, can ya shiga wata sabuwar majami'a har suka ba shi wa'azi. Saboda kunyar ɗan fari Inna ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In tana da magana da shi, ni take gaya wa ko da yana zaune a wurin: "Ki ce wa yaron nan abincinsa na ɗaki." Ni kuwa a lokacin na dawo gida wankan jego, ga baki kamar reza, sai na zama 'yar aiken da ba ta rage saƙo, sai dai ta ƙara.

A kakar shekarar da abin ya faru ya zo hutu. Ranar Lahadi bayan sujada muna zaune a gindin ɗorawar ƙofar gida muna ɓarar gyaɗa, sai ga Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne dattijon ikilisiyarmu. Ban san ta inda zancen ya ɓullo ba, na dai ji Yaya yana cewa baftismar gaskiya da sunan Yesu kaɗai ake yin ta.

"Haka manzanni suka yi, Baffa. Duk inda suka tsoma mutum a ruwa, sunan Yesu suka kira. Wannan ta Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, manyan coci ne suka tsayar da ita daga baya."

Baffa ya gyara zaman hularsa. "Daga baya? Almasihu da bakinsa ya ba almajiransa wannan umarnin. Kai wa za ka bi, mai gida ko ɗan aike?"

"'Yan aiken ai sun fi mu sanin abin da mai gidan yake nufi."

"To, shi kansa Almasihu da aka yi masa a kogin Urdun, me aka faɗa a kansa? Nuna mini inda aka rubuta."

Haka suka yi ta yi, kowa da Littafi a cinya, wannan ya buɗe gaba, wancan ya buɗe baya. Gaskiya abin ya ba ni sha'awa da farko, har ina zuga su, don kowanne in ya kawo tasa sai in ga kamar shi ne mai gaskiya. Can Baffa ya fusata ya ce, "Wato mu duk da aka yi mana da sunan Uba da Ɗa da Ruhu, wanka kawai muka yi?"

Yaya ya sunkuyar da kai, cikin ladabi kuwa, ya ce, "Ka yi haƙuri, Baffa, amma wanka ne."

Magana zarar bunu ce. Su biyun ba su lura ba, amma ni na ga hannun Inna ya tsaya cak a cikin ƙwaryar gyaɗa. Ta karkaɗe zanenta ta shige gida.

Daga ranar Inna ta canza. Matar da ke rera waƙoƙin zumuntar mata tana daka, har maƙwabta sun haddace su, sai ta yi tsit. In na kai mata tuwo ta ɗan taɓa ta ture. Hajiya maƙwabciyarmu, ƙawarta tun suna amare, ta leƙo ta kan danga ta ce mini, "Lafiya kwana biyu ban ji muryar tsohuwar nan ba? Ruwa fa ba ya tsami banza." Na rasa yadda zan yi mata bayani, na ce ciwon kai ne.

Na tare Yaya a bayan rumbu na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce ya zo da iliminsa na birni ya hana tsohuwa barci. Na ɗauka zai yi faɗa, sai na ga idonsa ya ciko. Ya ce, "Kina ganin don in ci gardama nake yi? Tsoro nake ji. Uwata ce. In ta tafi a haka kuma ya zama ina da gaskiya, me zan ce?" Na san ba ƙarya yake yi ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko sabon farin yadi da ya sayo tun daga Kano, mai kauri, mai sheƙi, ya ce in kai mata, ta ɗaura ya sake yi mata baftisma.

Inna ta daɗe tana shafa yadin nan. Daga baya ta ce, "Ki ce wa yaron nan na ji. Ranar Asabar sai mu je."

Baffa ya rantse ba zai taka wurin ba, amma da safiyar Asabar shi muka fara tararwa a bakin hanya da sandarsa, yana cewa shi rakiyar matar wansa kawai ya zo. Muka bi ta cikin gonakin rani, albasa da tumatir kore shar, har gaɓar ruwa. Wani manomi da ya san Baba yana ban ruwa a wurin, injinsa na ta ƙara. Da ya gane abin da ya kawo mu, ya je ya kashe injin ya ce, "Ku yi ibadarku a natse, tumatir ba zai mutu ba." Ya koma can nesa ya zauna.

Yaya ya shiga ruwa har ƙugu ya tsaya yana jira. Na raka Inna bayan wata bishiya don ta sauya kaya. Ta kwance ƙullinta, sai na ga yadi biyu a ciki. Ta ajiye sabon a gefe, ta ɗauki tsohon. Ya yi ja-ja saboda daɗewa, duk layin ninki ya fito, gefe ɗaya kuma zare na zubowa inda almakashi ya raba shi da na Baba. Shi ta ɗaura.

Ta taka har ruwa ya rufe idon sawunta, ta tsaya. Na matso don in karɓi saƙo kamar kullum, sai ta ɗaga mini hannu. Ta ɗago kai ta dubi ɗanta na fari ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haife ni.

"Ina da tambaya kafin in ƙaraso. In ka tsoma ni na fito, tawa ta gyaru ke nan?"

"Ta gyaru, Inna."

"Ta mahaifinka fa? Bakin da ya faɗa a kaina shi ya faɗa a kansa. Ruwa ɗaya, rana ɗaya. 'Yan'uwansa suka ƙi cin abinci da shi saboda ranar nan, bai ja da baya ba har ya mutu. Shi wa zai tsoma shi?"

Na ga bakin Yaya yana motsi. Na san yana da ayoyi a kansa da za su kai mu azahar, kuma na san halinsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ban sani ba, Inna."

"Ni ma ban sani ba," in ji ta. "Ban yi karatu ba, ba zan ce kai ne ka yi kuskure ko Baffanka ba. Amma in na shiga ruwan nan, na shaida da jikina cewa wanka mahaifinka ya yi. Ba zan iya ba. Wanda muka bi ya san mu. In ya karɓe shi, ya karɓe ni. In kuma a waje ya bar shi, to, a bar ni in tsaya kusa da shi, kada ya tsaya shi kaɗai."

Baffa ya juya baya yana gyaran murya. Ni kam kuka nake yi sosai, ba na ko ɓoyewa. Yaya yana tsaye a ruwa kamar an dasa shi. Sai Inna ta ƙara taku biyu, ta kamfaci ruwa da tafin hannunta ta wanke masa fuska, ta ce, "Fito haka nan, kada sanyi ya kama ka." Ya fito. Muka yi wa mai tumatir godiya, ya ta da injinsa, muka kamo hanyar gida.

Kada mai karatu ya ɗauka gardamar ta mutu a nan. Yaya bai bar majami'arsa ba, har yau da sunan Yesu kaɗai yake yi wa mutane baftisma, kuma shi da Baffa sun ci gaba da buɗe wa juna Littafi a gindin ɗorawa duk zuwansa. Abin da ya daina shi ne kawo zancen a gaban Inna. Sabon yadin kuwa ta yanka shi, ta yi matacin koko, ta ba Hajiya rabi, wai yadi mai kyau bai kamata ya kwanta a adaka ba. A makon nan waƙarta ta dawo.

Ta ƙara shekaru masu dama kafin ta rasu. Ranar, mata suna shirya ta, wata daga cikin mutanen Yaya da suka zo daga Kano ta kawo sabon likkafani fari tas. Yaya ya yi mata godiya, ya karɓa ya ajiye. Ya shiga ɗakin Inna da kansa, ya durƙusa gaban adaka, ya fito da tsohon zanen a hannu biyu ya miƙo mini. Ya ce, "Da wannan za a naɗe ta. Rabinsa yana can yana jira."

Ni har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakanin Yaya da Baffa ba, na bar wa masana. Abin da na koya a bakin ruwan nan shi ne, kafin ka yanke hukunci a kan ibadar mutane, ka waiwaya ka ga wa ke zaune a bayanka yana ji, kuma wa ya binne. Tun daga ranar, duk lokacin da gardama ta yi mini daɗi har bakina ya fara kaifi, sai in tuna hannun Inna da ya tsaya a cikin ƙwaryar gyaɗa, in yi shiru.