Kwano Daban a Sabuwar Shekara

Zamanin mulkin Turawa, En'e ta tura ni Wurno aikin ɗakin shan magani. Mu Kirista a garin ba mu kai goma ba: ni da matata, da akawun kotu mutumin Kudu da iyalinsa, da wani mai duba hanyar motar Rabah, sai wani dattijo manomin albasa daga wajen Sisawa. Ba mu da fasto, ba mu da ƙararrawa. A rumfar kara ta bayan gidana muke sujada, kuma da yake na fi kowa saurin karatun Hausa, sai aka ɗora mini jagoranci. Na karɓa hannu bibbiyu, don a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Dattijon nan shi kaɗai ne ɗan ƙasa a cikinmu. Kuturta ta kama shi yana magidanci, ya yi shekaru a asibitin mishan, can ya warke, can kuma aka yi masa baftisma. Ya dawo da dungulmin yatsu uku a hannun dama da takardar sallama. Da idona na karanta takardar, kuma aikina ne in san cewa ba zai shafa wa kowa komai ba. Duk Lahadi yana tafe bisa jakinsa tun kafin mu da ke cikin gari mu gama wanke ido.

Bayan sujada mukan ci tuwon shinkafa, maza a akushi ɗaya. Tun zuwansa na farko na raɗa wa matata ta zuba masa nasa a kwano, na ce masa girmama babba ne. Ƙarya nake yi, ƙyama ce kawai. Sauran sun gani suka yi gum, don abin ya yi musu daidai.

Al'adarmu ce ran sabuwar shekara da hantsi, bayan waƙa da addu'a, kowa ya miƙe ya faɗi yadda ya ga ikilisiya a shekarar da ta wuce, da abin da ke son gyara. Ni nake rubutawa, in ajiye wa Baturen mishan da kan leƙo mu jefi-jefi. Akawu ya yi ƙorafin muna jan waƙa kamar masu jin barci. Mai duba hanya, wanda ya fi kowa makara, ya yi faɗa a kan makara. Da aka zo kaina na gyara murya na zuba dogon bayani a kan ƙauna. Na ce mu ne haske a tsakiyar mutanen garin nan, su gani su koya. Har yau in na tuna bakina da wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni.

Dattijon ne na ƙarshe. Ya miƙe a hankali, ya cire hula, ya dube ni.

"Malam, ni ba ni da karatu, tambaya ɗai gare ni. Ran da nic ce ma wana na bi Almasihu, wata ukku bai yi man magana ba. Amma ko cikin hushin nan, akushi guda munka ci tuwo, har yau. Nan ko kuna ce man ɗan'uwa. Mi ni yi anka ware man kwano?"

Matata ta sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ta ishe ni a wurin, in ce na yi laifi, amma girman kai ya shaƙe ni. Na shiga kame-kame, ina maimaita masa zancen girmamawa a gaban mutanen da suka san gaskiya. Ya saurare ni har na gaji don kaina, ya ce to, ya gode da girma. Bai tsaya cin tuwo ba. Da na zo rubuta abin da kowa ya faɗi, na sa zancen waƙa, na sa na makara, na tsallake nasa.

Lahadi biyu ba mu ga jakinsa ba. Matata ta daina yi mini fara'a, ta ce ita ta zuba tuwon amma ni na ba da umarni, saboda haka in tashi in je. Sai da na ƙara kwana uku ina nuƙu-nuƙu, sannan na hau keke.

Na same shi a fadama yana jan jigo, yana ba albasa ruwa. Ya yi mini maraba kamar ba abin da ya faru, ya ja ni gida. Wansa yana zaune a zaure, ya idar da sallar azahar ke nan. Ya shimfiɗa mini tabarmarsa, ya tambaye ni iyali da aiki, ya ce ya daɗe yana jin labarin malamin ƙanensa. Tun a hanya na tsara abin da zan faɗa, amma gaisuwa ta yi tsawo, ni kuwa ina ta jiran lokacin da ya dace.

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka a akushi guda. Wan ya wanke hannu ya ce bisimilla, in matso. Na ce a raina ga dama ta samu, ko ban buɗe baki ba, zan sa hannu tare da dattijon ya gani. Ina naɗe hannun riga sai dattijon ya dakatar da wan nasa, ya leƙa cikin gida, murya ƙasa-ƙasa, ba zafi ko kaɗan.

"A zubo ma Malam nashi daban. Bai saba ba, kar mu matsa mai."

Aka kawo mini kwano mai tsabta da nama a kai. Su biyu suka ci nasu suna hirar farashin albasa, ni na ci nawa a gefe. Na koma Wurno ban roƙe shi gafara ba, kuma har aka ɗauke ni zuwa Goronyo bai sake zama a rumfarmu ba.