Sojan da Ya Koma Bayan Sarki

Har yau ban manta da Larabar da Alhaji Tanimu mai ɗinkin riguna ya shigo makarantarmu ta 'yan mata a Ƙofar Kuyambana ba. Ku da kuka kama aiki bayana, ku saurara. Lokacin ni ce mai kula da yara bayan an tashi. Dokar ita ce ba yarinyar da za ta fita sai na ga mai ɗaukarta.

Ran Laraba Malama Rakiya ke koya musu ches, darar Turawa ke nan, mai sarki da dawakai da sojoji. Alhaji ya ji a majalisa wai caca ce, ya zo cire 'yarsa Hauwa, alhali ita za ta wakilce mu a gasa.

"Inna, kira min ita. Daga yau ta bar wasan nan."

Na ce, "Alhaji, ko bashin gaisuwa ba ka biya ba? Zauna tukuna. Shari'a ake a ciki, sarki na neman maci amana a fadarsa."

Ni ban yi boko ba, amma na san yadda ake jan mutum da labari. Ya leƙa.

Malama ta jera 'ya'yan wasan a allo. Ta ce ɗaya cikin mutanen farin sarki ɗan leƙen asiri ne, ba da ƙafarsa ya isa inda yake ba. Ta nuna wa Alhaji tafiyar kowa.

Ya nuna doki. "Ga shi nan. Mai tafiya a karkace yana tsallake mutane, ai munafuki ne."

Hauwa ta sunkuyar da kai. Na ce, "Yi magana, 'yar nan, ubanki ne, ba alƙali ba."

Ta ce, "Baba, doki haka aka halicce shi. Dubi ƙaramin sojan nan da ke gefen sarki a layin baya. Sojoji a layin gaba suke farawa, kuma ba sa ja da baya ko taku ɗaya. To ta ina ya bi ya koma can?"

Alhaji ya bi layin da yatsa. Can ya ce, "Ajiye shi aka yi. Ni kuwa na kama bawan Allah don tafiyarsa ba ta yi min ba." Ya dubi Malama. "Ba a sa ko sisi?"

"Ko ƙwandala, Alhaji."

Ya gyara hula. "Ki gama, Hauwa. Ina waje."

Abin da na koya, iyayen da ke shigowa da faɗa yawancinsu tsoro ne ya kawo su. Kada ku yi musu gardama a bakin ƙofa, ku ba su kujera su gani da idonsu.

Larabar da ta biyo, tun kafin a tashi sai ga Alhaji da allurarsa da rigar da yake ɗinki. Ya ce, "Inna, yau wa ake zargi?"