Kaza ta Uku

Ranar wata Talata ce a watan Agustan 1998, da hantsi, ruwan da aka kwana ana yi bai daɗe da ɗaukewa ba. Shekarata goma. Na zaga bayan gida in sauya wa awaki turke, sai na ga rumbunmu na maiwa ya karkace kamar tsohon da ke laluben sandarsa. Na tsaya riƙe da igiya ina kallo. A hankali ya yi ta sunkuyawa, duwatsun da ke gindinsa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, sannan ƙasar da yake kai ta tsage ta tafi da shi baki ɗaya. Ƙarar ma ba ta yi yawa ba, wani dim ne kawai da na ji a ƙirjina. Da na leƙa, murfin rumbun na juyi a kan jan ruwa, 'yan dammunan da muke lallaɓawa zuwa girbi suna bin sa a baya. Fitsarin da ya bi ƙafata ne ya sanar da ni irin tsoron da nake ji.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a wani ɗan ƙauye gabas da Kore Mairuwa, kuma bayansa ne geben ya bi, wato kwazazzabon da ruwan tudu ya haƙa wa kansa. Mahaifina ya ce yana yaro ɗan akuya ma tsallake shi yake yi. Ni kuwa na tashi na tarar ya fi tsawon mutum biyu zurfi. Da rani wurin wasanmu ne. In mun gama surfe mun cika randuna, can muke gangarawa mu yi carafke a inuwar gaɓa, mu gina gidajen yashi, mu tona ƙasa har ruwa ya tsattsafo mu sha da ludayi. Amma da damina ta faɗi sai abokin wasa ya zama kura, kowane ruwa sai ya yagi wani abu ya tafi da shi. Ya ci garkar kuɓewar mahaifiyata, ya ci dangar baya, yanzu ga shi ya ci rumbu. Abin da ke gabansa kuma shi ne ɗakin Iya, mahaifiyar mahaifina, wadda aka kai ni yaye wurinta na ƙi dawowa. A ɗakin nan nake kwana, a bayanta, kan gadon kara ɗaya.

Ba wanda ya sa ni, amma tun da mushen lakwal, wato malamin makarantarmu, ya koya mana awo da taku na ɗauki wata ɗabi'a: duk safiyar da aka yi ruwa sai na auna daga bakin gebe zuwa bangon Iya. Bara taku talatin da biyu ne. Farkon daminar nan ashirin. Ranar da rumbu ya tafi na auna sau uku don ko na yi kuskure. Goma sha ɗaya ne. Bangon kuma ya tsage ta ciki, tsagar da da fari tsinke kawai ke shiga, yanzu hannuna na shiga har wuyansa. Mahaifiyata ta yi ta jan kunnena in koma ɗakinta. Na gwada kwana ɗaya, na ga tsoron can ya fi na nan, don a can ba na jin numfashin Iya.

Wurin komawa kam akwai. Baba Idi, ƙanen mahaifina, ɗan kasuwa ne a Kore Mairuwa, mai ɗan gemu da ɗangalallen wando, kuma ya gina ɗakuna uku na kwano a filinsa kusa da kwalta tun bara, suna nan a rufe suna jiranmu. Duk sati sai ya zo a kan babur ya yi wa'azinsa ya koma. Iya takan bar shi ya gama, ta gyara zama a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta ce, "Kowab bar gida, gida ya bar shi." Bayan ɗakinta kabarin kakanmu yake. A tsakar gidan aka binne cibiyar kowa, har da ta mai wa'azin. Sama da duka kuma akwai Ta Gida.

Ba mu faɗin sunanta, Ta Gida kawai muke cewa. Doguwa ce, wato aljana, da kakan kakanmu ya taso da ita daga wajen Lugu, mazauninta wata 'yar tukunya da aka kife a gindin tsamiyar tsakar gida. Mu yara ko tsamiyar da ta faɗo kusa da tukunyar ba mu tsinta. A al'adar gidanmu ba a tashi sai an tambaye ta, tambayar kuma da farar kaza ake yi. Mai gida ya yanka, ya jefa ta ƙasa, a zuba ido. In ta gama shure-shure ta mutu a rigingine, ƙirji sama, an yarda. In ta mutu a kife, an ƙi. Sau uku ake tambaya a shekara, in na uku ya ƙi, bakin kowa ya mutu sai wata shekarar. An yanka ta farko bayan shuka, ta kife. An yanka ta biyu washegarin faɗuwar rumbu, ta kife. Mahaifina, mutumin da bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, ya goge wuƙa ya tafi ya ci gaba da jera buhunan yashi da ƙaya a bakin gebe, ruwa na gaba ya kwashe su kamar an ba shi sadaka.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Gaba kura baya siyaki: ina tsoron gebe, ina tsoron Ta Gida, kuma ban san wanda ya fi wani ba. In na kai fura gona, idona na gabas. Manoma na ganin hadari su yi hamdala, ni in gan shi in yi ta roƙon Allah ya wuce da shi. In an aike ni tsinkar tafasa sai in dawo da kwando rabi, a yi ta faɗa ban ji ba. Na daina zuwa gaɗa. Taku ya koma tara, ya koma bakwai. Iya kuwa tana nan tana kaɗinta, mazari na juyawa, kamar bangon wani ne ya tsage. Har haushinta na ji, Allah ya gafarta mini. Na ce a raina tsohuwar nan ta ci zamaninta, tana so ta ci nawa.

Da aka zo tambaya ta uku, farar kaza ta ƙare a gidan sai tawa, wadda Iya ta ba ni tun tana 'yar tsako. Ranar Alhamis ce da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen tsamiya. Baba Idi ya zo, amma ya tsaya a zaure ya juya baya, ya ce idonsa ba zai ga shirka ba. Ni na kamo kazar na miƙa wa mahaifina, shi ya sa nake tsaye kusa, ba can wurin mata ba. Ya yi 'yan maganganunsa ƙasa-ƙasa, ya yanka, ya jefa. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta watsa jini a kan yashi, ta nufo ni tana birgima har ta zo daidai ƙafata. Nan ƙarfinta ya fara ƙarewa. Na ga tana kwantawa a kan cikinta, fiffike ɗaya a buɗe, kamar 'yan'uwanta biyu. Mahaifina ya sunkuyar da kai, ya riga ya haƙura.

Ban yi shawara ba, ban kuma ce iska ce ta hau ni ba. Na daka tsalle kamar jinin ne ya firgita ni, na sa babban yatsana na dama ƙarƙashin fiffiken nan na ɗaga. Kazar ta juye, ta shure sau biyu, ta miƙe ƙafafu sama. Da na ɗago kai, idona ya faɗa cikin na Iya. Tana zaune daidai gabana, kuma tsohuwar nan har zare tana sa wa allura da kanta. Na ji kamar ƙasa ta tsage ta wuce da ni yadda ta yi da rumbu. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ga mahaifina ta ce, "Ta amsa. Ku nemo amalanke."

Kwana uku muna kwashe kaya. Iya ta debi ƙasar kabarin kakanmu ta ƙulle a bakin zane, ta naɗe 'yar tukunyar nan da farin ƙyalle ta sa cikin tukwanen miya. Baba Idi ya gani sarai, sai ya kama gyaran igiyar jaki har aka wuce. Kwana goma sha biyu da tashinmu aka zo mana da labari cewa ɗakin Iya ya tafi da rana tsaka, har da kabarin da ke bayansa. Kowa ya yi ta barka. Ni kuwa a ranar ne tsorona na gaske ya fara, don na san na yi wa Ta Gida ƙarya a gaban idonta, ga ta kuma an kawo ta ɗakin da nake kwana. In na yi tuntuɓe in ce ga ta nan. Da zazzaɓi ya kama ni bayan girbi, na yafe wa kowa a zuciyata na jira mutuwa. Shekara uku ina zagaye duk wata tsamiya, ina duba yatsan nan kowace safiya ko ya fara shanyewa, ban kuma faɗa wa ko ƙawata ba.

Sai jajibirin wata Sallar layya, shekarar da zan tafi kwaleji a Dogon Dutsi. Iya na ƙunsa mini lalle a tsakar gida, ta gama ƙafar hagu, ta kama ta dama. Ta riƙe babban yatsan ta murɗa shi kaɗan, ta ce, "Wanga ne ko?" Na fashe da kuka. Ta ce, "Ke Tanoma, yi mani shiru. Sau biyu ina zamne ina kallon maza cike da gida, ba wanda Allah yab ba ko tuntuɓe." Na ce, "Iya, ashe ke ma kina jin tsoro?" Ta ce, "Wa ka son a ruhe shi da rai? Amma na yi ma kakanki alkawali ba ni barin gida nai. Bakina ba shi iya cewa a tashi." Na tambaye ta Ta Gida fa. Ta ɗebo lalle ta lafta a kan yatsan, ta ce, "Da ba ta so ba, da ƙahwag ga ba ta ɗagu ba." Ta ɗaure ƙunshin da tsumma, ta ce in na kwance kafin ya kama sai ta ci mutuncina.

Iya ta ƙara shekara tara a ɗakin kwano, ta rasu a kan gadonta, muna kewaye da ita. Ban san inda 'yar tukunyar ta shiga ba, ban kuma tambayi Baba Idi ba. Yanzu ina koyarwa a Dogon Dutsi, ina sallata, ba na yanka wa kowa kaza sai baƙo. Tun da na yi aure mun sauya gida sau biyar, kowane tashi mota ɗaya ce da yini ɗaya, yarana ko waiwaye ba sa yi. Bara na kai su ƙauyenmu don su ga inda na tashi, sai na rasa abin nunawa. Geben ya haɗiye wurin duka, tsamiyar kawai ta rage a bakin gaɓa, rabin saiwoyinta na reto a iska. Na miƙa hannu cikin sarari na ce nan ne ɗakin Iya, suka leƙa ramin suka dube ni. Mun tsira da ranmu, na gode wa Allah. Amma tun daga ranar ban sake zama a gidan da sai an roƙe shi kafin a bar shi ba.