Awon Kaka, Ƙafar Damina

Har gobe ban manta da ranar da likitan asibiti ya aiko a kira maigidanmu, Malam Iro, ba. A farkon shekarun 1960 ne, ina aiki a wata 'yar masana'anta a Funtua inda muke ƙera sandunan guragu da ƙafar katako don waɗanda aka yanke wa ƙafa. Ni ne mai ɗaukar awo. In auna dungulmin mutum in kai wa kafinta, sannan baduku ya ɗinka kuben fata mai igiya, inda dungulmin ke zama. Ku da kuka zo kuka tarar da injuna, ku sani da gizago muka fara.

Na raka Maigida. Likita ya ɗora wata ƙafa a kan tebur, ta wani kamfanin ƙasar waje mai wakili a Kaduna. Gaskiya ɗaya ce, ta fi tamu. Ba ta da nauyi, gwiwa tana lanƙwasa, har da yatsu. Tamu a gefenta sai ka ce taɓarya. Ya ce daga yanzu Kaduna zai riƙa aika awo, sanduna kawai za a bar mana. Sanduna kuwa ba su riƙe ma'aikata, kowane kafinta a kasuwa yana yi. Ni kuwa iyalina da wannan aiki suke ci.

A hanya na ce, "Maigida, ko mu ma mu kwaikwayi tasu?"

Ya harare ni. "Da me? Da gizago? In muka bi bayansu, ƙura kawai za mu sha. Kuma ba za mu rufe ba. Za mu je inda su ba za su je ba."

Sai ya tsara mini aiki: kowace ranar kasuwa in ɗaura kayan aiki a keke, in tafi Bakori ko Danja ko Malumfashi, in zauna gindin bishiya ina gyara tsofaffin ƙafafun da muka yi. Raina bai so ba ko kaɗan. Ga rana, ga 'yan kasuwa suna tsokanata wai ga mai tallar ƙafa ya iso. Na cije.

Da damina ta kankama, a kasuwar Danja aka kawo mini wani manomi a kan jaki. Barmo sunansa, saran maciji ne ya sa aka yanke masa ƙafa. Ga sabuwar ƙafar kamfani rataye a wuyan jakin.

"Malam, ta yi mini yawa," in ji shi. "Ina taka kunya sai ta zare ta yar da ni. Maƙwabta sun gama noman farko, ni ciyawa na cinye mini dawa ina kallo."

Da na duba sai na gane. Da kaka aka auna shi, rumbu cike, jiki ya murje. Kafin ƙafar ta iso daga nesa rumbu ya yi ƙasa, mutum ya rame, dungulmi ya tsuke. Kamfani bai yi laifi ba, awon da aka aika masa ya bi. Amma manomin ƙasarmu jiki biyu gare shi a shekara. Kubenmu kuwa igiya gare shi, in ka rame ka ɗaure, in ka murje ka sassauta.

Na auna shi nan take. Muka ajiye duk wani aiki muka ƙera masa irin tamu, kafin kasuwa ta zagayo na kai masa har gona. Ya ɗaure, ya ɗauki fartanya, ya bi kunya har ƙarshenta ya dawo. Ya dube ni ya ce, "Mummuna ce, amma ba ta gudu." Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Maigida ya koma wurin likita da labarin Barmo, bai kushe kayan kowa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, malaman ofis da 'yan gari a ba su ta kamfani, ta fi dacewa da su. Manoma a bar mana." Likita ya ce sai ya ga manomin da idonsa. Ya gani, ya amince.

Ba mu kayar da kamfanin nan ba, kuma ba mu taɓa yin ƙafa mai kyan tasu ba. Su suka riƙe gari, mu muka riƙe ƙauye, muka ci gaba da aiki. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kada ku auna mutum sau ɗaya ku ce kun san shi. Ku tambayi abin da yake ci da inda zai taka. Barmo dai a wannan shekarar ya girbe dawarsa, a tsaye.