Gwaggo Tabawa da Layin 'Ya'yan Fari

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina. Abin da zan faɗa ya faru ne ina ƙarami, wajen ƙarshen shekarun 1960, don haka mai yiwuwa na haɗa abin da na gani da abin da aka ba ni labari.

A lokacin, ƙyanda da agana kan shigo ƙauyenmu, kusa da Gozaki, da zarar an kai amfanin gona gida. Ba a ɗaukar yaro ya tsira sai ya yi ƙyanda ya tashi. Sai ga masu lambar rigakafi sun sauka ƙofar gidan mai gari da wata allura mai kama da bindiga, aka yi shela a fito da yara.

Mata suka fito da goyonsu. Amma ni ɗan fari ne, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta riƙo hannunsa a gaban surukai. Inna ta goya ƙanwata ta wuce, ta bar ni gindin rumbu. Ban ce ba ta damu ba. Ina zaton kunya ce ta ɗaure ta. Haka aka yi a gidaje da dama.

Gwaggo ta tare ta a zaure. "Ke, ina mai ƙaton kan nan?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"To, ke kina jin kunyarsa. Ita ƙyandar kunyar wa take ji?"

Ta finciko ni, ta bi gida gida, har unguwar Maguzawa da gidan malamin coci, tana cewa a ba ta aron 'ya'yan fari. Ta jera mu, ta fara miƙa nata dantsen don mu daina kuka. Da cutar ta zagayo da rani, iyakar sanina, ba a ɗauki gawar ko ɗaya daga wannan layi ba. Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa. Mu muka ga hakan a jikinmu.

Yau agana ta zama labari. Nakan ga 'yan mata a asibitin Malumfashi rungume da 'ya'yansu na fari, suna kiran sunansu da ƙarfi a layin allura. Ina jin da Gwaggo ta gani, za ta ce zamani ya lalace, sannan ta gyara musu layin. Ba ta bar gona ko gida ba. Abin da ta bari shi ne mu, masu tabo a dantse, da 'ya'yanmu. Allah ya jiƙanta.

Duk wanda ya tsaya a layin nan, ina roƙon ya aiko da gyara inda na kuskure. Babbar shaida dai Inna ce, tana nan da ranta. Na tambaye ta, ta kau da kai, ta ce ita ba ta san wane yaro nake nufi ba.